Sunan da Tufa Ke Raɗa wa Baƙo

A tashar motar Sabon Birni, ran da kasuwa ke ci, ɗan kamasho yana hulɗa da mutanen da bai san sunan ko rabinsu ba, kuma dole ne ya kira kowannensu. Wannan bai biya kuɗin kaya ba, wancan ya bar canjinsa, wata ta sauka sayen ƙosai ga shi mota ta cika direba ya tayar. Babu lokacin tambayar suna, babu kuma damar nuna dattijo da yatsa ko a jefa masa "kai" tsirara. Ido kaɗai ya rage masa. Cikin ƙiftawa zai dubi mutum daga hula zuwa takalmi, ya tsinci abu guda, ya sa masa "mai" a gaba, ya ɗaga murya da harshen ƙasar: "Alhaji mai jan hirami, taho ga canjinka!" Cikin mutum talatin ɗaya ne zai waiwayo, kuma da fara'a zai waiwayo.

Ba a lissafa wannan cikin sana'a, domin kowa gani yake ya iya. Gaskiya ne kayan aikin ba su da yawa: "mai" ga mutum guda, namiji ko mace, "masu" ga jama'a, sai sunan abin da ke jiki. Amma tsaya rabin sa'a a gefen tasha ka saurari sabon yaron mota da tsohon ɗan kamasho, za ka ji tazarar da ke tsakaninsu. Yaron zai ƙwala "mai farar riga!" a garin da rabin mazansa fari suke sawa, wuya goma su juyo, tara su koma da tsaki. Tsohon hannu ba ya duban abin da ya fi girma a jikin mutum. Abin da ya keɓanta da shi yake nema: baƙin tabarau, rediyo rataye a kafaɗa, carbi mai manyan 'ya'ya, biro biyu a aljihun gaba. Dole kuma ya zama abin da mai shi ya san yana jikinsa, in ba haka ba kiran ya faɗi banza. Mutum yakan manta launin wandon da ya fito da shi, amma ba ya manta sabuwar hularsa.

Keɓancewa kaɗai ba ta isa ba, kuma a nan ne gwanintar ta fi zurfi. Sai abin ya zama wanda mai shi ba zai ji nauyin a ambace shi a bainar jama'a ba. Ga dattijo ya shigo daga Gatawa ko Tara, rigarsa ta koɗe, wuyanta ya sha faci, takalminsa na taya ne, amma a kansa akwai damanga wankakkiya da aka yi wa kari mai kyau. Duk wanda ke tashar yana ganin koɗaɗɗiyar rigar. Gwani shi kaɗai ne bai gan ta ba. "Baba mai damanga," zai ce, tsohon ya kai hannu ya gyara wa hular zama, sannan ya tako a natse. An kira shi da abin da ya fito da shi don a gani. Shi ya sa kalmar "maras" ba ta fita daga bakin wanda ya san aikinsa. Ba a cewa maras takalmi, ba a cewa maras hula, ko da kuwa shi kaɗai ne kansa ke waje a duk filin. Ba a kuma tsallake tufa a faɗa jiki, a kira mutum da tsawonsa ko tumbinsa ko ɗingishinsa. Tufa mutum ne ya zaɓa da hannunsa da safe; jiki kuwa ba a yi shawara da shi ba. Ko zanen Gobirci, da masu shi ke alfahari da shi, ba a kiran baƙo da shi, kuma a Sabon Birni dama bai keɓe kowa ba, tunda kumatu da yawa suna ɗauke da shi.

Kafin "mai" ɗin ma akwai kalmar girma, ita ma zato ce ake yi da ido. Furfura ta ba da Baba ko Kawu, allo ko littafi a hannu ya ba da Malam, haƙorin Makka ya ba da Alhaji ko Hajiya ba tare da gardama ba. Inda aka rasa tabbas, sama ake kuskurewa. Wanda bai taɓa sauke farali ba ba ya fushi don an ce masa Alhaji, sai dai ya ce Allah Ya amsa bakinka.

Wajen mata hanyar ta fi ƙunci. Namiji mai kunya ba ya nuna cewa ya ƙare wa matar aure kallo, don haka iyakarsa launin hijabi ko abin da take riƙe da shi. "Hajiya mai hijabi ruwan toka, mota ta cika." "Inna mai ƙwarya, matso nan gaba, wanga wuri ya hi." Ba zai ambaci zanenta ba, balle ɗan kunne ko lallen ƙafa, ko da su ne suka fi fitowa fili. Yarinya mai talla kuwa tana da 'yancin da ɗan kamasho ba shi da shi. Ita za ta iya cewa "Yaya mai leshi, wallahi ya karɓe ki," kuma daga nan cinikin gyaɗa ya faɗa.

Akwai waɗanda suka kai abin ƙololuwa, su ne 'yan ma'abba. A wurin ɗaurin aure ko naɗin sarauta, ɗan ma'abba yana hango baƙo tun daga bakin mota, kafin a raɗa masa ko ɗan wane ne ya riga ya auna shi. Ya san shaddar Getzner da ake saƙawa a Ostiriya daga ƙyallinta da amonta in mai ita ya motsa, ya san wadda ta yi kama da ita ta kuma kasa. Ya san aikin hannu daga aikin keke, ya san aska takwas daga aska biyu, ya san ɗaurin rawanin basarake daga na malami daga na Buzu. Da wannan zai buɗe baki, ya riƙe mutum da rigarsa har asalinsa ya iso kunnensa, sannan ya ɗora kirarin gidan. Irin wannan idon kuma shi ne makamin zambo, domin wanda ya san rigar gaske ya san ta aro, ya kuma san zanen aro ba ya rufe katara. Ƙasar da ta saurari Ibrahim Narambaɗa na Tubali yana waƙa a fadar Sarkin Gobir na Isa Amadu kunnenta a goge yake. Ta san kalma guda na iya ɗaga mutum a taro, ta san kuma guda na iya bin sa har gida.

Wanda zai ce duk wannan hira ce ta bakin tasha bai san ƙasar da yake tsaye a kanta ba. Kufan Alƙalawa, birnin sarakunan Gobir, yana nan cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni, kuma a tarihin wannan daula "mai rawani" ya taɓa zama batun da sarki da malami suka zauna a kai. Wajajen 1788, a sallar layya a Magami, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa ya yi musu kyauta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo bai karɓi dukiyar ba, ya nemi abu biyar a madadinta: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji, kuma a girmama duk mai rawani. Bawa ya amince. A lura, Shehu bai kawo jerin sunayen almajiransa ba, bai ce 'yan gidan wane ko ƙabilar wane ba. Ya nema wa jama'a kariya ta hanyar abin da ke kansu, yadda dogari ko mai karɓar jangali zai gane su daga nesa ba sai ya tambaya ba.

Sarkin da ya zo bayan Bawa da Yakuba, wato Nafata, ya karanci lamarin sarai, sai dai daga ɗaya gefen. Cikin dokokin da ya sa aka yi shelarsu akwai hana maza ɗaura rawani da hana mata yin lulluɓi. An saba ba da wannan labari a matsayin zalunci kawai, amma a ganina akwai lissafin mulki a cikinsa. Rawani ƙidaya ne. Duk ranar kasuwa jama'ar Shehu na iya ɗaga ido ta ga yawanta, fada ma tana gani. Sarkin da ya kasa hana zukata sai ya nemi ya rufe ƙidayar. Bai yi nasara ba. A zamanin ɗansa Yunfa aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, Alƙalawa ta faɗi a 1808. Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya sun sake shan kashi a Gawakuke a 1836, suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya wani ɓangarensu ƙarƙashin Ɗan Halima ya dawo bakin gulbin Rima ya kafa Sabon Birni. Rawanin da aka taɓa hanawa shi ne yau alamar iko kanta. A Isa da Sabon Birni duka ana naɗa Sarkin Gobir, kuma kalmar ita ce naɗi. Wanda aka sauke kuwa an tuɓe masa rawani. In aka ce masu rawani sun taru, ba wanda zai tambayi ko su wane ne.

Da irin wannan dabara Bahaushe ya raba duk siyasar Nijeriya. Ɗan ƙasa da ba soja ba farar hula ne, gwamnatinsa mulkin farar hula, ko da shugabanta bai taɓa sa farar hula ba. Jami'an tsaro masu ɗamara ne ko masu kayan sarki, na asiri kuwa 'yan sandan farin kaya. Janar ɗin da ya dawo neman ƙuri'a, kamar Obasanjo a 1999 ko Buhari a 2015, ya tuɓe kaki ya sa babbar riga. Wani lokaci ma abin juyawa yake, mutum ya ba tufa sunansa, kamar doguwar hular nan da ta ɗauki sunan Shehu Shagari tun yana shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983. Gwanin kira dole ya bi wannan sauyi sau da ƙafa. A da, "mai jar hula" dara kawai yake nufi. Tun da Kwankwasiyya ta mai da jar hula tambarinta, kiran ya ɗauki wani nauyi, kuma a lokacin zaɓe mai hankali yakan tsallake hular ya nemi agogo. Haka ɗangalallen wando da gemu: an san abin da suke nuni da shi, shi ya sa ake cewa Ustazu kawai a wuce, ba a ambaci wandon ba.

Da tufafin boko suka shigo sai salon ya sake. Babbar riga ba ta faɗin sana'ar mai ita, amma kaki da farar rigar asibiti da hular kwano suna faɗi. Don haka mai kira sai ya ajiye "mai" gaba ɗaya, ya tsallaka kai tsaye zuwa sunan aikin, kuma galibin sunayen nan daga Turanci aka aro su aka lanƙwasa. Duk mai kaki a shingen hanya, soja ne ko ɗan sanda ko kwastan ko jami'in shige da fice, ofisa ne. Direban da ke bin hanyar Isa zuwa Shinkafi ya san igiyoyin hannun riga sarai, ya san kofur ya san saje, amma ba za ka ji ya kira kofur da kofur ba. Ƙarin girma yake yi masa nan take, kyauta, kuma sau da yawa wannan ƙarin girman ya fi abin da ke cikin tafin hannu saurin ɗaga shinge. A asibiti duk mai farar riga likita ne, har wanda aikinsa ba da kati. Mai hular kwano da ke gyaran turken waya injiniya ne. Saurayi mai kwat da taye cikin zafin bazara manaja ne, sai dai wannan kalma kaifi biyu gare ta: in aka faɗe ta a gajarce girmamawa ce, in aka ja ƙarshenta kaɗan zolaya ce, kuma duk tashar ta ji bambancin in ban da shi mai kwat ɗin.

Wanda ya fi kowa shan wannan suna shi ne ɗan bautar ƙasa. Tun da gwamnatin Gowon ta kafa shirin a 1973, matasa daga kudu suke zuwa ƙasar Sakkwato da wandon kaki da farar riga da hula mai baki da takalmin daji, ba su jin ko "sannu". Ba wanda ya wahalar da kansa da sunayensu na yanka. Kofa ne, namiji ko mace, kuma sunan na bin mutum ko ranar da ya sa kayan gida. In kofan ya dace Bayerabe ne to ya faɗo hannun abokan wasa, domin tsakanin Gobirawa da Yarbawa akwai tsohuwar barkwanci. Mai shayi zai ce masa bawansa ya iso, yaro ya tsaya cikin mamaki har wani ya fassara masa cewa wannan ba zagi ba ne, marhaba ce, kuma yana da ikon ramawa.

Kasancewar yankin a bakin iyaka ya ƙara wa aikin wani hawa. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1904 da 1906 sun raba Gobir biyu, Sabon Birni ta faɗo gefen Nijeriya, Tsibiri ta faɗa gefen Nijar, kowane gefe ya ari sunayen masu kakinsa daga bakin Turawan da suka mulke shi. Wanda ake ce wa kwastan a nan, a hanyar Maraɗi duwan ne. Can akwai jandarma, nan babu. Malamin makarantar boko can mushe ne, ɗalibinsa ɗan lakwal. Ɗan kasuwar da ke kai da kawowa tsakanin ƙasashen biyu yana sauya kalmomin nan a bakinsa yadda yake sauya naira da sefa a aljihu, kuma ba ya ruɗewa. Ɗan kamasho mai ido ma yakan gane baƙon Nijar tun bai yi magana ba, daga ɗinkin rigarsa ko yadda ya naɗa rawani ya rufe baki, sai ya tarbe shi da kalmar da zai ji a gida yake.

Duk wannan ilimi ya ginu ne a kan amana guda, cewa tufa tana faɗin gaskiya ko kusa da ita. A shekarun nan amanar ta girgiza a gabashin Sakkwato. 'Yan bindigar da suka addabi ƙauyukan Isa da Sabon Birni, suka mai da hanyar Gundumi abin tsoro, suka kori dubban mutane zuwa jihar Maraɗi, sukan zo cikin kakin soja. Bello Turji, ɗaya daga cikin jagororinsu, shi kansa a cikin irin wannan kaki yake fitowa a hotunan bidiyonsa. A watan Agusta na 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi, abin da ya nuna rawanin ma bai zama garkuwa ba. Yanzu in yaro ya shigo gari a guje ya ce ga masu kaki nan, maganar ba ta ƙare ba, farawa ta yi. A kan me suke? Su nawa a kan babur guda? Kakin ya cika sama da ƙasa ko rabi ne? Me ke ƙafarsu, takalmin soja ko na roba? Fuska a buɗe ko a naɗe? Idon da aka horar don a mayar wa fasinja canjinsa shi ne yau ake dogara da shi a san ko a zauna ko a kwashi yara a shiga daji.

Akwai kuma ɗaya fuskar, wadda ba a cika son faɗa ba. Tun da rikici tsakanin 'yan sa-kai da Fulani ya kai har cikin kasuwannin yankin, musamman a 2021, shigar mutum kaɗai na iya jawo masa zargin da bai ji ba bai gani ba. Malafa da sanda da 'yar shara, kayan da makiyayi ya gada kaka da kakanni, sun zama abin da ake bi da kallo. A irin wannan yanayi, ka ƙwala "mai malafa!" a tsakiyar kasuwa ba kiran mutum guda ka yi ba, ka juyo da idon kasuwa duka kansa. A nan nake ganin gwanayen gaske sun nuna abin da suka iya. Tsohuwar ƙa'idarsu ta kada a kira mutum da abin da zai kunyata shi ta faɗaɗa da kanta, ta zama kada a kira shi da abin da zai jefa shi cikin haɗari. Mai shayin da ya san duniya, in makiyayi ya tashi ya bar tocilarsa a kan benci, ba zai ambaci malafa ko sanda ba. Zai duba ya sami abin da kowane ɗan ƙasa ke iya sawa, agogo ko shuɗin gyale a wuya, ya kira shi da shi, da murya daidai wadda za ta kai kunnensa ba ta wuce ba. In ma ya rasa abin kamawa, yakan tura yaronsa da tocilar ya cim masa a hanya.